Eric Campbell, ƙaton da Charlie Chaplin ke gudu a fim

Duk wanda ya taɓa zama ya kalli tsofaffin finafinan Charlie Chaplin ɗin nan baƙi da fari waɗanda babu magana a ciki, to da wuya ace bai ga wani jibgegen ƙato ba, mai gira kamar an zana ta da gawayi ta miƙe sama, ido zuru-zuru, wani lokaci da gemu har ƙirji wani lokaci kai a aske, wanda da zarar ya shigo sai kaga Chaplin ya fara kyarma yana murmushin dole yana neman hanyar tsira. Mutane da yawa sun san fuskar nan sarai amma ka tambaye su sunansa sai a yi shiru. Sunansa Eric Campbell, kuma ni dai a ganina rabin dariyar da ake yi a finafinan Chaplin na shekarar 1916 da 1917 daga jikin mutumin nan take fitowa, duk da cewa ba sunansa ake rubutawa a jikin fasta ba.

Abin da zai baka mamaki shi ne gaba ɗaya rayuwarsa ta fim bata wuce kamar shekara ɗaya da rabi ba. Fim ɗinsa na farko da Chaplin ya fito a watan Mayu 1916, na ƙarshe ya fito a Oktoba 1917, zuwa Disamba na wannan shekarar ya mutu, bai ko kai shekara arba'in ba. Finafinai goma sha ɗaya, kowanne bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, shi ke nan abin da ya bari.

An daɗe ana cewa a garin Dunoon na ƙasar Scotland aka haife shi, har mutanen garin suka kafa masa allon tunawa, amma daga baya da aka bi takardu sai aka gano a Sale aka haife shi, cikin yankin Cheshire a Ingila, kusa da Manchester. Ya yi aure a 1901, matarsa Fanny ita ma 'yar wasan dandali ce, suna da 'ya ɗaya mai suna Una. Sana'arsa tun yana saurayi ita ce wasa a gidajen nishaɗin talakawan Ingila na wancan zamani, inda ake waƙa da rawa da barkwanci ana shan giya ana ihu, wurin da in baka iya ba 'yan kallo basa ɓoye maka, a nan take za su kore ka daga dandali. Daga nan ya shiga ƙungiyar Fred Karno, kuma wannan shi ne mabuɗin fahimtar komai game da shi.

Karno yana da gidan horar da 'yan wasa a unguwar Camberwell a Landan, kuma wasanninsa yawanci na motsin jiki ne ba na surutu ba, wani ɓangare na dalilin kuwa doka ce, don a Ingila ta wancan lokaci irin waɗannan gidajen nishaɗi ba a basu izinin yin cikakken wasan kwaikwayo mai magana kamar manyan gidajen tiyata ba, sai masu barkwanci suka koma yin magana da jiki, da ido, da faɗuwa, da yadda za ka ɗaga ƙafa ko ka juyo da kai a daidai daƙiƙar da ta dace. Chaplin a nan ya koya, yayansa Sydney ma a nan, Stan Laurel, wanda shi ma daga baya ya yi suna a finafinan barkwanci, a nan, Albert Austin wanda shi ma ya fito a finafinan Chaplin da yawa a nan. Wato lokacin da fim marar magana ya zo, waɗannan mutanen sun riga sun yi shekaru suna bada dariya baki a rufe, kamar an shirya su ne musamman don shi. Campbell ya tsallaka Amurka a 1914, kuma a 1916 yana cikin wani wasan kiɗa da waƙa a Broadway ta New York mai suna Pom-Pom sai Chaplin da Sydney suka ɗauko shi suka tafi da shi California.

To me yasa Chaplin ya buƙace shi a daidai wannan lokacin? A farkon 1916 Chaplin ya sa hannu a kwantiragi da kamfanin Mutual, dala dubu 10 duk sati, ga kuma dala dubu 150 ta sa hannu, jimilla dala dubu 670 a shekara, kuɗin da a lokacin jaridu suka yi ta kururuwa a kai don yaro ne ɗan shekara 26. Sharaɗin shi ne ya yi finafinai goma sha biyu, aka bashi situdiyo tasa mai suna Lone Star a Los Angeles, shi ne marubuci shi ne darakta shi ne jarumi. Kafin nan ya yi aiki a kamfanin fim na Keystone a 1914 da na Essanay a 1915, kuma in ka kalli na Keystone ɗin za ka ga halin da yake fitowa da shi ba wani abin tausayi bane, ɗan iska ne mai shurin mutane ta baya, mai jifa da bulo, mai tsokana ba dalili, ana dariya amma ba lallai ka so shi ba. Chaplin ya fahimci in yana so a riƙa dariya kuma ana goyon bayansa to dole a samu wani wanda ya fi shi mugunta, ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ta yadda duk wata ƙeta da zai yi za ta zama kare kai ce. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo mun san wannan lissafin, Gizo maƙaryaci ne, mayaudari ne, amma da yake da Zaki da Kura da Giwa yake karawa sai yara su riƙa murna in ya ci nasara, da ace tururuwa yake cuta ai da babu mai yi masa tafi.

Campbell tsawonsa ya kai ƙafa shida da inci biyar, nauyinsa wajen kilo 130 ko fiye, Chaplin kuwa ɗan firit ne kamar ƙafa biyar da inci biyar. Ka tsayar da su waje ɗaya kawai tun kafin wani ya motsa an riga an bada labari, kuma a fim ɗin da babu magana wannan ba ƙaramin abu bane, don baka da lokacin da za ka tsaya kana bayanin wane ne azzalumi wane ne wanda ake zalunta, minti ashirin gareka, dole ɗan kallo ya gane a kallon farko. Shi yasa ma ake masa waccan kwalliyar mai tsanani, a baƙanta kewayen ido, a ja gira sama, a manna gemun bogi iri-iri. Wani zai ce ai sun cika yawa, to amma a tuna al'adar dandali ce inda na kujerar baya ma sai ya ga fuskarka, sannan fim ɗin da ake sa wa kyamara a lokacin baya ɗaukar launuka daidai, ja yana fitowa kamar baƙi, shuɗi yana fitowa fari fat, don haka kowa sai ya zana fuskarsa yadda za ta fito.

Amma in girman jiki ne kawai ai ƙatti sun cika Amurka. Abin da ya bambanta Campbell shi ne ƙato ne mai sauƙin jiki, yana gudu, yana zamewa, yana faɗuwa da baya ya tashi, a The Rink ma har takalmi mai taya ya ɗaura yana ta kifewa a ƙasa da wannan uban nauyin, kuma ya san lokaci, wanda shi ne gishirin sana'ar gaba ɗaya. A irin wannan barkwancin wanda aka mara ya fi wanda ya yi marin aiki. In Chaplin ya yi wata ɓarna, dariyar bata tashi sai Campbell ya juyo a hankali, ya kalle shi, ya ɗan jira, girar nan ta ɗaga, sannan ya taso, in ya yi saurin juyowa abin ya lalace in ya yi jinkiri ya wuce shima ya lalace, kuma babu wanda zai koya maka wannan ma'aunin sai shekarun da ka yi gaban 'yan kallo masu rai suna dariya ko suna yi maka ihu.

Bari in tsaya a kan Easy Street, wanda ya fito a Janairu 1917, don a nan ne aka ga aikinsa a fili. Chaplin ya fito a matsayin ɗan yawon titi da ya shiga wani gidan wa'azi ya tuba, ya je ya shiga aikin ɗan sanda saboda neman abinci, sai aka tura shi wata unguwar talakawa inda wani ƙaton ɗan daba ya addabi kowa, 'yan sanda in sun je a kan makara ake dawo da su, kayansu a yage. An gina layin ne ya yi kama da irin lungunan kudancin Landan inda Chaplin ya tashi cikin talauci. Campbell yana tsaye tsakiyar titi shi kaɗai, in ya juya dama mutane su ɓuya in ya juya hagu su ɓuya, sai ga ɗan ƙaramin ɗan sanda ya shigo yana kaɗa kulki bai san dawan garin ba. Suka haɗu a gindin fitilar titi. Chaplin yana so ya kira ofis ta wayar 'yan sanda da ke maƙale a wurin amma yana tsoro, sai ya riƙa yi kamar wasa yake da kan wayar, ƙaton ya karɓa yana leƙawa ciki, Chaplin ya samu dama ya rafka masa kulki a ka. Ko gezau. Maimakon ya yi fushi ma sai ya sunkuyo da kan yana nuna masa ya ƙara, ya ƙara, ya ƙara, kamar ana sosa masa ƙaiƙayi. Daga nan don ya nuna masa irin ƙarfinsa sai ya kama ƙarfen fitilar ya lanƙwaso shi ƙasa, to ashe ya haƙa wa kansa rami ne, Chaplin ya ɗare bayansa ya cusa kansa cikin gidan fitilar ya buɗe gas, ƙaton ya riƙa laushi a hankali har ya zube, shi kuma yana taɓa jijiyar hannunsa kamar likita.

Ka sake kallon wannan sin ɗin amma a wannan karon ka bar kallon Chaplin ka zuba wa Campbell ido. Za ka ga shi ne yake riƙe da saurin abin gaba ɗaya, shi ne yake tafiya a bayan Chaplin taku bayan taku ba gaggawa, shi ne yake bada kai, kuma yanayin fuskarsa lokacin da ake bugunsa ba fushi bane, wani irin jin daɗi ne na wanda ya san babu abin da za a iya yi masa, wannan ne yake sa cikinka ya ɗuri ruwa kana dariya a lokaci guda. Da ya yi wasan kamar shi ma ya san barkwanci ake yi, da ya riƙa yamutsa fuska don a yi masa dariya, wallahi da sin ɗin ya mutu. Ya ɗauki abin da gaske ne, tsoron ya zama na gaske, shi yasa kuɓutar ta yi daɗi. A wajen ɗaukar wannan fim ɗin ma fitilar ta faɗo ta fasa wa Chaplin hanci sai da aka yi masa ɗinki, don a san cewa wasan ba na roba bane. Kuma labarin bai ƙare a nan ba, ƙaton ya farfaɗo a ofishin 'yan sanda ya tsinka ankwa ya watsa su ya dawo unguwa, sai da aka jefo masa murhun ƙarfe a ka ta taga, a ƙarshe kuma sai gashi cikin kwat tsaf da matarsa a gefe za su wajen ibada yana gaida ɗan sanda cikin ladabi, kuma ya yi wannan ɗin ma ya zauna masa.

Hujja mafi ƙarfi a kan darajarsa ta fito ne shekaru sittin da wani abu bayan mutuwarsa. Chaplin baya rubuta labari ya gama kafin ya fara ɗauka, yana zuwa da ɗan tunani ne kawai, a gina wuri, a kunna kyamara, a yi ta gwadawa ana sakewa har abu ya fito, wani lokaci sau ɗaruruwa. Da yawa daga cikin ragowar da ba a yi amfani da su ba na zamanin Mutual sun tsira, kuma a 1983 wasu masana tarihin fim biyu 'yan Ingila, Kevin Brownlow da David Gill, suka jera su bisa lambar da ke jikin allon ɗauka suka yi shirin talabijin mai suna Unknown Chaplin. A nan aka ga yadda aka gina The Immigrant na 1917. Ashe sin ɗin gidan abinci aka fara ɗauka, na jirgin ruwa da ya zo a farkon fim ɗin daga baya aka ƙirƙiro shi. Kuma a farko ba Campbell ne mai kawo abincin ba, Henry Bergman ne, wani mai ƙiba mai fuskar mutanen kirki, an yi ta ɗauka an yi ta ɗauka abin ya ƙi tashi, har sai da Chaplin ya gane matsalar, babu wanda zai ji tsoron Bergman. Sai ya watsar da aikin kwanaki, ya sa Campbell a wurin, ya mayar da Bergman wani mai zane da zai zo daga baya ya cece su.

Dubi abin da canjin ya haifar. Talaka ya tsinci kuɗi a titi ya shiga gidan abinci, bai san aljihunsa a huje yake ba kuɗin ya zube, ya haɗu da yarinyar da suka shigo jirgi tare, Edna Purviance ke nan, ya saya mata wake, suna cikin ci sai ya ga ma'aikatan wurin sun taru a kan wani mutum suna jibga kamar an kama ɓarawo a kasuwa, Campbell ne a gaba, ya tambaya me ya yi, aka ce kuɗinsa ne bai cika ba da senti goma. Sai ya laluba aljihu, wayam. Daga nan har ƙarshen sin ɗin babu wani gudu ko faɗuwa mai yawa, mutum ne kawai a zaune yana zufa, ƙato yana zagaye shi da takardar kuɗi, wani tsaba ya faɗo ƙasa suna ta takawa da ƙafa, ya samu ya miƙa, ƙaton ya sa a baki ya ciza ya lanƙwashe ashe jabu ne. Duk wanda ya taɓa cin abinci a waje yana lissafin abin da ke aljihunsa ya san wannan tashin hankalin, kuma Campbell ne ya mayar da shi abin da ake gani da ido. Labari ɗaya, wuri ɗaya, jarumi ɗaya, an canza mutum ɗaya kawai fim ya tashi daga abin da ya ƙi aiki ya koma ɗaya daga cikin waɗanda har yau ake koyarwa a makarantun fim.

Sauran rol ɗin nasa zan bi su da sauri. A The Floorwalker manajan kanti ne mai satar kuɗin kantin, ana ta tsere a kan matakala mai tafiya da kanta. A The Fireman shugaban 'yan kwana-kwana ne, a The Vagabond mugu ne mai dukan yarinya da bulala, a The Count tela ne da ya yi shigar babban mutum, a The Pawnshop ɓarawo ne cikin shigar mutunci. A Behind the Screen sunan da aka bashi ma Goliath, Chaplin kuma David, wato Jaluta da Dauda, shi yana zaune yana barci yaronsa na ɗaukar kaya amma shi ake yabo. A The Cure mai kuɗi ne da ciwo ya kumbura masa ƙafa aka naɗe ta da bandeji, ƙafar nan kuwa ta sha taku ta sha matsewa a ƙofa mai juyawa. A The Adventurer shi ne mai neman auren yarinyar, Chaplin fursuna ne da ya gudu, da ya ga hotonsa a jarida sai ya ɗauki alƙalami ya zana masa gemu ya koma kamar Campbell. Fim ɗaya ne cikin sha biyun babu shi, One A.M., wanda kusan Chaplin shi kaɗai ya yi shi yana faɗa da kayan ɗaki. Abin lura a nan shi ne ba ɗan daba kaɗai yake fitowa ba, sau da yawa shi ne mai gida, shi ne oga, shi ne mai kuɗi, wato duk wani wanda ke da iko a kan talaka an tattara an zuba a jiki ɗaya, kuma masu kallon finafinan nan a lokacin yawancinsu leburori ne da baƙin haure da ke biyan 'yan senti su shiga, sun san ogan da suke gani.

Ana cewa kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, kuma akwai gaskiya a ciki game da duk masu irin wannan matsayi a Hollywood ta lokacin, sunan jarumi ake sayarwa, shi ake biya dubbai, na gefensa albashin sati ne kuma yawanci ko sunansu ba a damu a rubuta ba. Amma ba zan yi wa Chaplin rashin adalci ba, shi ne mai tunanin, shi ma ya sha faɗuwa ya sha rauni, kuma ya san darajar mutanensa ta wata fuskar, Edna Purviance ya ci gaba da biyanta albashi har ta mutu a 1958 duk da ta daina fitowa tun tuni. Shi da Campbell kuma abokai ne na gaske, waɗanda suka san shi sun ce a waje mutum ne mai kunya mai sanyin hali, kishiyar abin da ake gani a fim. Matsalar ta tsarin ce gaba ɗaya, an gina kasuwar a kan fuska ɗaya. Alamar cewa masu sana'ar su sun san muhimmancinsa ita ce, lokacin da masu kwaikwayon Chaplin suka yi yawa, fitaccen cikinsu Billy West bai tsaya ga kwaikwayon hula da sanda da gashin baki ba, sai da ya nemo nasa ƙaton aka yi masa gira irin ta Campbell, wannan ƙaton kuwa shi ne Oliver Hardy, wanda bayan shekara goma aka haɗa shi da Stan Laurel a situdiyon Hal Roach suka zama Laurel da Hardy, 'yan barkwancin nan biyu da suka yi suna a duniya. Ina yawan tunanin wannan, Hardy ya samu tsawon rai har duniya ta gane cewa ƙaton gefe zai iya zama rabin suna, Campbell bai samu ba.

Shekarar 1917 ta zo masa da abin da ko a fim aka sa za a ce an cika. A watan Yuli matarsa Fanny ta yanke jiki ta mutu da ciwon zuciya bayan sun ci abincin dare a Santa Monica. Ana cikin wannan, 'yarsa Una mai shekara 16 ta fita sayen kayan makoki mota ta buge ta ta ji mummunan rauni, ana wata ga wata. A watan Satumba ya haɗu da wata 'yar wasa mai suna Pearl Gilman a wajen wani biki, cikin kwana biyar suka yi aure, ko wata uku ba a yi ba ta kai ƙara kotu tana neman a raba. Ya bar gidan ya koma zama a Los Angeles Athletic Club, inda Chaplin ma yake da ɗaki. Ni dai in na kalli The Adventurer yanzu, na tuna cewa a tsakiyar wannan halin aka ɗauke shi, mutum ya binne matarsa 'yarsa na jinya amma ya zo ana matse masa wuya a ƙofa yana zare ido don mutane su yi dariya, sai in ji wani abu ya tsaya min a maƙogwaro.

Ta fuskar aiki kuwa a lokacin ne ƙofa ke buɗe masa. Chaplin ya gama da Mutual ya ƙulla sabuwar yarjejeniya ta dala miliyan ɗaya da kamfanin First National, yana gina situdiyonsa a titin La Brea, kuma da Campbell zai tafi. Kafin ginin ya kammala sai aka bada aronsa ga Mary Pickford, wadda a mata babu kamarta a lokacin, don ya fito a fim ɗinta Amarilly of Clothes-Line Alley. Ranar 20 ga Disamba 1917, da asuba, yana dawowa daga wani biki ya sha giya yana tuƙi da gudu, motarsa ta yi karo da wata a titin Wilshire a Los Angeles, nan take ya mutu.

Chaplin ya ci gaba, ya yi manyan finafinan da suka fi na Mutual tsawo da suna, kuma ya yi amfani da wasu ƙattin, Tom Wilson ya yi ɗan sanda, Mack Swain ya yi abokin tafiyarsa a The Gold Rush na 1925 wanda yunwa ta sa yake ganinsa kamar kaza. Amma in ka lura babu wanda ya gaji kujerar Campbell, Swain ƙato ne mai ban tausayi ba mai ban tsoro ba, kuma sannu a hankali abokin gabar Chaplin ya daina zama mutum ɗaya, ya koma yunwa, talauci, hukuma, injin masana'anta. Wasu za su ce dama can nan ya nufa ko da Campbell na raye, mai yiwuwa ne, amma ni ina ganin rashin mutumin ya taimaka wajen tura shi, don irin wancan tseren na kyanwa da ɓera sai da wanda kuka sha nono ɗaya a sana'a, wanda ya san numfashinka. Buster Keaton, wani fitaccen ɗan barkwancin fim na zamanin, shi ma haka ta same shi da nasa ƙaton Joe Roberts, wanda ya mutu a 1923 jim kaɗan bayan sun gama Our Hospitality. Chaplin da kansa ya rubuta a tarihin rayuwarsa na 1964 cewa zamanin Mutual ne ya fi jin daɗi a duk aikinsa.

Gawar Campbell ƙona ta aka yi yadda wasu ke yi a can, aka zuba tokar a tulu, to daga nan sai aka rasa mai biyan kuɗin binnewa. Matar farko ta mutu, ta biyun tana kotu, Una yarinya ce an mayar da ita Ingila wajen dangi, abokan aiki kowa ya ɗauka wani ya yi. Tulun ya yi ta zama a ajiye shekara da shekaru tsakanin gidan shirya gawa da maƙabartar Rosedale a Los Angeles, a daidai lokacin da ake ta haska finafinansa a duniya ana dariya, har daga ƙarshe wani ma'aikacin maƙabartar ya binne shi amma ba a rubuta wurin ba. A 1996 wani darakta ɗan Scotland, Kevin Macdonald, ya fitar da fim na tarihi a kansa mai suna Chaplin's Goliath, a dalilin aikin aka kafa masa allon tunawa a Rosedale ɗin, allon yana nan da sunansa, tokar kuma tana wani wuri cikin filin.